Shekara huɗu da ciwon tsakiyar gani: wani tsohon malamin makaranta a Maradi da allurar da bai samu ba

Wanda ake magana a kansa

Ba zan faɗi sunansa ba, haka muka yi da iyalinsa. A unguwarsu kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin makaranta, don shekara talatin da ƴan kai ya yi yana koyarwa a makarantun firamare, daga ƙauyukan Madarumfa har ya dawo cikin garin Maradi ya yi ritaya. Ni ma'aikacin jinya ne a wani sashen ido, kuma abin da zan kawo daga katinsa ne da kuma littafin da nake rubuta masu dawowa awo.

Ranar da ya fara zuwa wurinmu yana da shekara 72. Yana da hawan jini, yana shan magani, ba shi da ciwon sukari. Ya sha taba sigari tun yana saurayi, kwali ɗaya duk kwana biyu. Bayan ritaya abu biyu ya riƙe: lissafin shagon hatsi na ƙanensa, da karatun Alƙur'ani, hizifi biyu kullum. Yana da ɗa a Faransa da ƴa da ke aure a Maradi, ita ce mai kawo shi asibiti.

2020 zuwa 2021: an ce yanar ido ce

Abin ya fara da ƙorafin fitila. Bayan magariba sai ya ce hasken bai isa ba, a kawo wata. Daga baya haruffa suka riƙa ɓacewa daga tsakiyar kalma: ya ga farko, ya ga ƙarshe, tsakiya babu. Sai fuskoki. Mutum ya tsaya gabansa bai gane shi ba sai ya yi magana. Maƙwabta suka fara cewa Mushe ya yi girman kai, ba ya fara gaida kowa. Abin da ya ƙara rikita gida shi ne, mutumin da bai gane surukinsa a ƙofar zaure ba, shi ne zai hango dala ta faɗi can gefen tabarma ya ɗauka. Ƴarsa ta gaya mini har a zuciyarta ta taɓa zargin ko tsufa ne ya sa yake neman a kula da shi.

A Nuwamba 2021 aka yi masa aikin yana a idon dama, a wani zagayen aikin ido na kyauta. Yanar tana nan da gaske, aikin kuma ya yi kyau. Da aka cire bandeji ya ce duniya ta yi fes, launin bango ya dawo. Amma da aka miƙa masa littafi, tsakiyar shafin tana nan a shafe kamar yadda take. Wata uku ana saka zuma da kwalli, ana cewa idon bai gama warkewa ba.

Maris 2022: sunan ciwon

A allon haruffa, inda 10/10 yake nufin cikakken gani, idon dama ya ga 1/10, na hagu 7/10. Ƙarfin ruwan ido 14 da 15, wato babu hawan jinin ido. Muka ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, lokotoro ya leƙa ciki, ya ga ɗige-ɗige rawaya a idanun biyu da wani fili fari a tsakiyar na dama. Ya tura shi Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, don hoton da ake kira OCT, wanda ke nuna tantanin bayan ido hawa-hawa. Sakamakon ya dawo da haruffa huɗu, DMLA, yadda likitocin da suka yi karatu da Faransanci ke rubuta ciwon lalacewar tsakiyar gani na tsufa.

A bayan ido akwai tantanin da haske ke sauka a kansa. Tsakiyarsa, wani ɗan wuri da bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba, sunansa makula, kuma da shi ake karatu, ake gane fuska, ake zura zare a allura. Ciwon iri biyu ne. Jiƙaƙƙe shi ne wanda sababbin jijiyoyin jini ke tsirowa ƙarƙashin makula suna yoyo. Yana da sauri, amma yana da allura tun wajen 2006. Busasshe shi ya fi yawa, sama da kashi 80 cikin 100 na masu ciwon. Shi datti ne ke taruwa ƙarƙashin tantanin, ƙwayoyin gani su riƙa mutuwa, wurin da ya mutu ya riƙa faɗaɗa. Duk wanda ya ga yadda kwazazzabo ke cin gona a bakin Gulbi ya san irin tafiyar: ba ta da gaggawa, kuma ƙasar da ta tafi ta tafi. A idon Mushe na dama zaizayar ta riga ta cinye tsakiya. A na hagu faɗinta milimita murabba'i 1.9 ne, tana gefe, ba ta kai tsakiya ba.

Wani bincike da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2014 ya ƙiyasta masu ciwon a duniya za su kai miliyan 196 a 2020, ya kuma nuna ya fi kama Turawa fiye da baƙar fata. Shi ya sa a nan ba shi ne ke fara zuwa zuciyar ma'aikaci ba. Mu yanar ido da hawan jinin ido muke gani daga safe har yamma.

Mushe ya dube ni ya ce, "Majo, makancewa zan yi ke nan?" Lokotoro ne ya amsa: "Baba, ba za ka shiga duhu ba. Ganin gefe zai zauna, za ka kai kanka masallaci. Karatu ne da fuska za su yi maka wuya. Maganin da zai dawo da abin da ya tafi kuwa, babu shi."

Afrilu zuwa Disamba 2022: taba, bitamin, da yaran jikin bango

Ya bar taba a azumin Afrilu 2022, bai koma ba. Taba ita ce babbar abin da ke ingiza wannan ciwo cikin abubuwan da mutum ke da iko a kansu. Tana ninka haɗarin sau biyu ko fiye.

Aka sa shi kan haɗin bitamin da ake kira AREDS2, sunan binciken da cibiyar ido ta gwamnatin Amurka ta yi. Na farkon, wanda aka fitar a 2001, ya nuna haɗin bitamin C, bitamin E, beta-karotin, zinki da ɗan tagulla yana rage haɗarin ciwon ya kai matakin ƙarshe da kusan kashi 25 cikin 100 a shekara biyar. Na biyun, a 2013, ya cire sinadarin beta-karotin ya sa lutin da ziyazantin, saboda beta-karotin na ƙara haɗarin sankarar huhu ga mai shan taba ko wanda ya taɓa sha. Wannan ya shafi Mushe kai tsaye: kwalin farko da wani ɗan'uwa ya sayo masa mai beta-karotin ne, muka ce a ajiye shi. Ɗansa ya riƙa aiko da wanda ya dace. Ƴarsa kuma ta ƙara masa zogale da alayyafo da ƙwai, tunda lutin a ganye yake, kuma zogalen Jiratawa ba ya yankewa a kasuwa.

A Agusta ya fara ganin yara ƙanana a jere jikin bangon ɗakinsa, da kayan makaranta, ba sa magana. Wani lokaci bangon ya koma saƙar tabarma. Ya ɓoye wata uku don tsoron a ce ya taɓu. Da ya faɗa, gida ya ɗauka iska ce, aka yi ta ruƙiyya. Sai a awon Disamba ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, akwai abin da ban gaya wa lokotoro ba." Wannan sananne ne ga masu raunin gani, wani masani ɗan Janeba mai suna Charles Bonnet ya bayyana shi tun 1760 a kan kakansa. Idan ido ya rage aika hoto, ƙwaƙwalwa kan cike gurbin da nata. Ba hauka ba ne. Muka ce idan sun zo ya kunna fitila, ya motsa ido, ya tashi ya taka. Addu'arsa bai fasa ba, amma tsoron ya fita. Har yau sukan zo jefi-jefi.

Fabrairu zuwa Agusta 2023: labarin allura

Ranar 17 ga Fabrairu 2023 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Syfovre na kamfanin Apellis, magani na farko na busasshiyar zaizaya. Kafin sati ya zagayo ɗan ya kira daga Faransa: "Baba, an samu maganin idonka." Ranar 4 ga Agusta aka amince da na biyu, Izervay.

Tushen magungunan biyu ɗaya ne. A jini akwai jerin sunadaran kariya da ke tayar da juna ɗaya bayan ɗaya don kashe ƙwayoyin cuta. A 2005 masu bincike suka gano cewa sauyi a ƙwayar gadon da ke yi wa wannan jeri birki yana da alaƙa mai ƙarfi da ciwon. Sai aka yi tunanin idan aka tare jerin a cikin ido, zai daina cin ƙwayoyin gani. Syfovre yana tare sunadarin C3, Izervay yana tare C5. Tunanin bai fara da nasara ba: lampalizumab na kamfanin Roche ya bi wannan hanya, aka gwada shi kan mutum sama da 1,800, ya faɗi a 2017.

Lokotoro ya zaunar da ƴar da ƙanen Mushe, ɗan yana kan waya, ya karanta musu alƙaluman. A gwaje-gwajen Syfovre biyu, OAKS da DERBY, mutum 1,258, bayan wata 24 allurar ta rage saurin faɗaɗar zaizaya da kashi 16 zuwa 22 cikin 100. Izervay ya rage da kashi 27 a gwajin farko, 14 a na biyu, bayan wata 12. Duk wannan a hoto aka auna. A allon haruffa da saurin karatu, waɗanda aka yi wa Syfovre ba su fi waɗanda aka yi wa allurar wofi ba bayan shekara biyu. Sannan kashi 12 cikin 100 na masu karɓa duk wata sun kamu da jiƙaƙƙen ciwon, 7 cikin masu karɓa duk wata biyu, alhali 3 ne kawai cikin waɗanda ba su samu maganin ba. A Yuli 2023 kuma likitocin Amurka suka fara ba da rahoton kumburin jijiyoyin bayan ido bayan allurar. Ba shi da yawa, amma ya ci ganin wasu.

Allurar a cikin ƙwayar ido ake yin ta, duk wata ko duk wata biyu, babu ranar gamawa. A 2023 farashin kwalba ɗaya dala 2,190 ne na Amurka, sama da miliyan ɗaya na sefa. Ko duk wata biyu ne, ido ɗaya zai ci kusan miliyan 8 a shekara, ban da jirgi da masauki.

Ɗan bai karaya ba. Ya ce a sa filin Mushe na hanyar Ɗan Isa a kasuwa, a kawo shi Faransa kafin maganin ya iso Turai. Ƴar ta ce, "Yaya, a bari a ga maganin tukuna." Ana cikin wannan ja-in-ja aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, iyakoki suka rufe, Faransa ta dakatar da ba da biza. Filin bai sayu ba.

Nuwamba 2023: maganin ɗigo na WhatsApp

Wani ya turo wa ƙanen Mushe bidiyon maganin ɗigo da aka ce yana ɗauke da ƙwayoyin halitta masu sabunta ido. Kwalba uku, jika 180. Ba a gaya mana ba sai da idanun suka yi ja suna ƙaiƙayi, bayan sati uku. Kwalbar ba ta da sunan kamfani balle jerin abin da ke ciki. Aka daina, jan ya wuce cikin kwana goma. Awon gani bai motsa ba: dama 1/10, hagu 6/10. Ya tsira da sauƙi. A 2017 mujallar New England Journal of Medicine ta kawo labarin mata uku masu wannan ciwo a Fulorida da suka biya kuɗi aka yi musu allurar ƙwayoyin da aka ciro daga kitsen jikinsu. Duk ukun ganinsu ya lalace ƙwarai, ɗaya ta makance gaba ɗaya.

A lokacin ne kuma ɗan ya tambayi metformin, maganin sukarin da ke kowane farmasi, don ya karanta cewa masu shan sa ba su cika kamuwa ba. Ƙaramin gwajin da aka yi kan masu zaizaya bai nuna ya rage ta ba. Lokotoro bai rubuta ba.

Janairu zuwa Yuni 2024: ƙofar Turai da ƙofar gwaji

A Janairu 2024 kwamitin hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ya ƙi Syfovre, ya sake ƙi a Yuni, ya tabbatar a Satumba. Hujjarsa ita ce maganin ya rage faɗaɗar tabo amma ba a nuna amfanin da majinyaci zai ji a ganinsa ba, ga haɗarin allura a kai a kai. A Oktoba kamfanin Astellas ya janye takardar neman izinin Izervay a Turai. Da a ce an sayar da filin an kai Mushe Faransa, da ya tarar babu maganin a can.

Sai ɗan ya juya ga magungunan da ake kan gwadawa, ko mahaifinsa zai shiga cikin waɗanda ake gwaji da su. Ya turo mini sunaye. Tinlarebant ƙwaya ce ta sha kullum, tana rage bitamin A da ke isa ido don dattin da ke fitowa daga gare shi ya ragu. Elamipretide allurar ƙarƙashin fata ce, tana neman farfaɗo da injinan ƙarfi na cikin ƙwayoyin gani. Akwai na ƙwayar gado, allura ɗaya da ake fatan za ta sa ido ya riƙa ƙera nasa birkin. Wanda ya fi jan hankalin lokotoro ANX007 ne, mai tare sunadarin C1q: a gwajin mataki na biyu bai rage faɗin tabo yadda aka nema ba, amma waɗanda suka rasa layi uku na allon haruffa sun fi ƙaranci cikin masu karɓarsa, wato akasin Syfovre. An wuce da shi mataki na uku.

Ɗan ya bi jerin cibiyoyin gwajin bai ga ko ɗaya a Afirka ta Yamma ba. Sharuɗɗan ma sun isa: mutum ya zauna kusa da cibiya, ya riƙa zuwa awo har shekara biyu, faɗin tabonsa ya faɗa cikin iyakar da suka yanka, kuma ya yarda wataƙila cikin masu karɓar na wofi zai faɗa. A Yuni ya bar maganar.

Yuli 2024: fitila da madubi

Mushe ya shekara guda bai buɗe Alƙur'ani ba, da ka yake karanta abin da ya haddace. Lissafin shago ya koma hannun wani yaro. A wannan wata muka zauna da shi sau huɗu, minti arba'in-arba'in. Muka gwada madubin ƙara girma mai fitila a jiki, mai ninka rubutu sau huɗu, da fitilar caji da ake karkato ta kan shafi daga bayan kafaɗa. Ƙanensa ya samo masa Alƙur'ani bugun Warshu mai manyan baƙaƙe, izu-izu. Na koya masa kallon gefe: ya ɗan ɗaga ido sama da kalmar, don ta sauka a wurin da ke da rai. Kwanakin farko ya ce kansa na juyawa. A sati na shida yana karanta shafi cikin minti shida. Jikarsa ta nuna masa yadda zai ɗauki hoton takarda da waya ya buɗa shi da yatsu. Duka kayan ba su kai jika 25 ba.

Muka ba shi takarda mai layukan murabba'i da ɗigo a tsakiya, wadda ake kira Amsler, aka manna ta kusa da inda yake alwala. Kullum da safe ya rufe ido ɗaya ya dubi ɗigon. Idan layi ya karkace, ya zo ranar.

A watan nan ne masu binciken AREDS2 suka sake duba tsofaffin hotunansu, suka ce ga waɗanda zaizayarsu ba ta kai tsakiya ba, bitamin ɗin ya rage saurin kusantarta tsakiya da kusan kashi 55 cikin 100 a shekara uku. Sake duba tsohon bayani ne, ba sabon gwaji ba, amma irin idonsa na hagu ake nufi.

Oktoba 2024: layi ya karkace

Wata Talata da safe ƴar ta kira: "Majo, Baba ya ce layukan sun lanƙwashe, ƙofar ɗaki ma ta karkace." Idon hagu ya sauka daga 6/10 zuwa 3/10. Lokotoro ya ga ɗan jini a gefen makula. Busasshen ya haifi jiƙaƙƙe, abin da kan faru ko ba a yi wata allura ba. An buɗe iyaka tun Maris, don haka kwana biyar bayan nan suna Kano ta Ɗan Isa da Jibiya. Aka yi masa allurar Avastin, maganin sankara ne asalinsa, wanda wani babban gwaji a Amurka ya nuna a 2011 cewa aikinsa a ido daidai yake da Lucentis, allurar jiƙaƙƙen ciwon mai tsada, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Allura uku wata-wata, sannan biyu a Maris da Mayu. Bayan ta uku ruwan ya janye, gani ya koma 5/10.

Yuni 2025: inda aka tsaya

Idon dama 1/20, na hagu 4/10. Zaizayar hagu ta kai milimita murabba'i 5.6, ta matso tsakiya amma ba ta shiga ba. Na'urar Kano ce ta auna wannan, ta Yamai ta auna na farko, don haka a ɗauki bambancin da sassauci. Yana karanta hizifi ɗaya a rana da madubi. Yana zuwa masallaci shi kaɗai. Fuska sai an matso. Ya ce wa maƙwabta su riƙa faɗin sunansu idan sun yi sallama, maganar girman kai ta mutu.

Abin da na fahimta

Ban raina Syfovre da Izervay ba. Da an yi wa idon hagu allurar tun farko, kuma ta yi masa aikin da ta yi a gwaji, faɗaɗar milimita 3.7 da ta zama kamar 3. Wato jinkirin kusan wata bakwai cikin shekara uku. Ga dattijon da ido ɗaya ya rage masa, wata bakwai na karatu ba abin wasa ba ne, kuma na gane dalilin da likitocin Amurka ke ba da ita. Amma kuɗinta ya fi filin da gidan gaba ɗaya, tana ƙara haɗarin jiƙaƙƙen ciwon da ya riga ya same shi, kuma abin da ɗan ya ji a kalmar "magani", wato mahaifinsa ya sake ganin fuskar jikokinsa, babu ɗaya cikin biyun da ya yi alƙawarinsa. Ƴar ce ta yi daidai da ta ce a jira.

Abin da ya riƙe masa gani a zahiri abu uku ne masu araha: takardar layuka da ta sa ya zo cikin kwana ɗaya, tsohuwar allurar jiƙaƙƙen ciwo da aka yi kafin tabo ya kafu, da madubi. Barin taba da bitamin ina kyautata zaton sun taimaka, sai dai mutum ɗaya ba ya zama hujja.

Inda muka gaza shi ne lokaci. Madubin da takardar layukan tun Maris 2022 ya kamata su shiga hannunsa, ranar da aka gaya masa babu magani. Mun bar su sai bayan wata 28, saboda mu ma hankalinmu ya tafi kan amsa tambayoyin allura, kuma shekarar da ya yi bai buɗe Alƙur'ani ba a cikin wannan jinkiri take. Yanzu a sashenmu duk wanda aka samu da ciwon, ranar yake tafiya da takardar, a kuma sa masa ranar gwajin madubi cikin sati biyu. Daga lokacin mun yi wa mutum huɗu haka.

Mushe zai koma Kano a sake ɗaukar hoton idon hagu bayan damina. Ɗan yana bin labarin gwajin ANX007 har yanzu, ya ce zai turo mini sakamakon ranar da ya fito.